Kafso Shidan da Na Ƙulle wa Inna

Azare,
Talata, bayan la'asar.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ummi, ina gaishe ki irin gaisuwar da ban iya yi miki da baki ba. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya a cikin mota, kin samu kujera kusa da taga, direbanku kuma mai tsoron Allah ne, ba irin masu tsere da junansu ba. Allah Ya kai ku Filato lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da abokan zama nagari a sansanin bautar ƙasar nan, Ya sa ki gama ki dawo mana da ƙafafunki.

Na san yanzu kina jujjuya takardar kina mamaki. Adda ce da rubuta wasiƙa, alhali tsakanin ɗakina da naki taku biyar ne? To, kin dai san yadda muke. Ke 'yar fari ce, ga shi kuma sunan surukata aka sa miki, kunya biyu ke nan a kaina. Shekara ashirin da uku ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, ban taɓa zaunar da ke na yi miki doguwar magana ba. In abu ya taso sai in aiki ƙanwarki Walida, ko in faɗa wa bango da ƙarfi don ki ji. Amma na lura biro bai san kunya ba. Shekara ashirin da biyar ina rubuta wa 'ya'yan mutane a allo, yau bari in rubuta wa tawa. Da gangan kuma na cusa takardar a ledar dambun nama, don na san ko me za ki manta, ba za ki kai Bauchi ba ki buɗe wannan ledar ba.

Ga abin da ya sa ni rubutu. Yau da safe na ɗauko gwangwanin madaran nan da nake ajiye zare da allura da maɓallai, zan ɗinke miki hannun jakarki da ya fara zarewa. Ina buɗewa sai ga maganinki kwance a kan maɓallai, kafso tara cif. Maganin da likita ya rubuta miki ne kwana huɗu da suka wuce, da ya ce sanyin haƙarƙari ya kama ki, ya ce sau uku a rana har kwana bakwai. Na kira Walida na tambaye ta, ta ce wai kin ce kin warke, zazzaɓi ya sauka, ƙirji ya daina suka, ragowar kuma kin ajiye wa Babanku tunda shi ma yana ɗan tari. Tarin Babanku na goro ne da surutun majalisa, tun kafin a haife ki muke jin sa. Na zauna a bakin gado da gwangwani a cinya na yi ta dariya har da hawaye. Can dariyar ta tsaya, hawayen suka ƙi tsayawa. Ashe hali ma a nono ake shan sa, ko da kuwa na wata goma sha ɗaya ne.

Shi ya sa kika ga Walida ta kawo miki guda ɗaya da kunu ta ce kin manta. Na azahar ma kin sha ina kallon ki ta taga, na bayan isha'i kuma zan tsaya a kanki. Saura shida ke nan, na kwana biyu, kuma su ne ba zan gani ba. Suna nan a fakitinsu, naɗe a cikin wannan takarda. A kan waɗannan shidan nake wannan dogon rubutu, sai ki gyara zama.

Wannan gwangwani ba don maɓallai aka fara ajiye shi ba. A gidanmu na taso na ga kowace mace tana da irinsa, a ƙarƙashin gado ko a bayan kwalla. Duk wanda ya yi ciwo aka rubuta masa magani, da ya ji sauƙi sai a zuba ragowar a ciki. Mace mai cikakken gwangwani ana ganin ta da daraja a unguwa, kamar mai rumbu biyu. Maƙwabciya ta turo a ce ɗanta na tari, sai ki girgiza gwangwani ki zaɓo mai kyawun launi ki bayar, a sa miki albarka. Da aka kawo ni gidan Babanku har da nawa a cikin kayan ɗaki, kuma ina alfahari da shi.

Kina da wata goma, da damina, ruwa ya dake ni a kan acaɓa ina dawowa daga makaranta. Ɗan acaɓan ya ce mu fake, na ce ya ja mu tafi, na bar yarinya a gida. Kwana biyu sai zazzaɓi, sai tari, sai wata suka a gefen ƙirji in na ja numfashi. Me zan yi in ba in buɗe gwangwani ba? Na samu ja-da-yalo guda biyu da wata farar ƙwaya da ban san sunanta ba, ban san na wane ne ba, ban san shekararta nawa a ciki ba. Na haɗiye da bisimilla. Da suka ƙare, ranar kasuwa na tsaya wajen wani mai tallar magani a tire, rana tana dukan kayan nasa tun safe. Ya dube ni ya ce, "Malama, wannan ko doki ne ke tari zai tsaya." Na saya na sha. Wataƙila da doki ce ni da ya tsaya. Kwana huɗu na ɓata a haka, ciwo yana ƙara samun wurin zama.

Wautata ta farko ke nan, kuma ga abin da na koya. Magani ba atamfa ba ne da za ki zaɓa da launi. Irin wannan mai kashe ƙwayoyin cuta, likita ne zai duba ki ya ce kina buƙatar sa ko ba kya buƙata. Daga baya na ji cewa yawancin mura da tarin da ke zuwa da ita ba su ma san da shi ba, hutu suke so da ruwan ɗumi da haƙurin 'yan kwanaki. Don haka kada atishawa biyu ta kai ki kyamis ki ce a ba ki kafso. In kuma numfashi ya yi wuya ko ƙirji na suka ko zazzaɓi ya ƙi sauka, asibiti za ki nufa, ba wajen mai tire ba.

Babanku ne ya gaji da jin nishina ya kai ni babban asibiti. Likita ya sa abin sauraronsa a bayana, ya tura ni hoton ƙirji, ya ce sanyin haƙarƙari ne, irin naki sak. Ya rubuta magani ya yi mini bayani mai tsawo. Ni kuwa idona na kan yatsun ƙafata, ina ta "to, to" kamar amarya a gaban dangin miji. Ya ce, kin gane? Na ce na gane. Ina malamar makaranta, a ce in buɗe baki in ce wa namiji baƙo ban gane ba? Ai na gwammace in tafi da jahilcina a rufe. A wajen karɓar magani aka ja mini layi uku a jikin ambulan, ɗaya, ɗaya, ɗaya, na karɓa na yi godiya.

Ranar farko na sha daidai. Rana ta biyu na ji ɗan dama-dama, na shagala da wankinki, na manta na rana da na yamma. Washegari kuma taurin kai ya sa na shirya zan koma aji. Na tsaya da ambulan a hannu na yi lissafi irin na malamar 'yan aji uku: biyu da na manta, a tara da na yanzu, uku ke nan. Na watsa su a baki gaba ɗaya, ciki ba komai sai ruwan shayi. Ummi, ina tsakiyar koyar da jadawalin sau huɗu cikina ya fara kiran sallah. Sau uku ina ajiye alli ina fita da sauri, ina ce wa yara hedimasta ne ke kira na. A na huɗun wata 'yar ƙaramar yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ofishin hedimasta ba ta can yake ba." Yarinyar nan yanzu tana da 'ya'ya uku, kuma har yau in muka haɗu a gidan biki sai ta sunkuyar da kai tana dariya.

To ki ji. In likita ko mai ba da magani ya faɗi abin da ba ki gane ba, ki ce ya maimaita. Ba zai cije ki ba, aikinsa ke nan. In kin manta shan magani, ki sha da zarar kin tuna. In kuma lokacin na gaba ya kusa, ki bar wancan ya wuce ki ci gaba yadda aka tsara, kada ki haɗa biyu ko uku. Lissafin aji daban, na ciki daban. Abin da ya fi sauƙi shi ne ki ɗaura shi a kan sallah: ɗaya da asuba, ɗaya da azahar, ɗaya bayan isha'i kafin ki kwanta. Wayar nan da ba ta barin hannunki kuma, ki sa ta ta yi miki ƙara, ta yi aikin kirki ko sau ɗaya.

Yanzu na zo kan babbar, wadda ban taɓa faɗa wa kowa a gidan nan ba sai Babanku.

Ranar da na cika kwana huɗu da fara magani, kakarki Inna ta zo dubiya daga Bulkachuwa. Kin san Inna, Allah Ya jiƙan ta, ba ta zuwa hannu sake. Ƙwaryar kindirmo, man shanu a kwalba, da wata kaza da ta yi ta faɗa da fasinjoji tun daga tasha. Na shimfiɗa mata tabarma, na durƙusa daga nesa na gaishe ta. Ta ɗauke ki ta ɗora a cinya tana yi miki waƙa da Fillanci, tana ce miki takwara. A ranar wallahi garau nake jin kaina, zazzaɓi ya tafi, har na share tsakar gida.

Sai idonta ya kai kan ambulan a saman akwati. Ta miƙa hannu ta ɗauka, ta zazzago kafso ɗaya a tafinta, ta juya shi a haske. Ta ce, "Wannan na likitan babban asibiti ne? Masha Allah. Da ganin sa ka ga magani." Sai ta yi tari sau biyu, ta ce ita ma tun shuka yake damun ta.

Ki gaya mini, ya zan yi? Uwar mijina ta yaba abu a ɗakina, ta kuma yi tari a gabana. A tarbiyyar da aka yi mini, ko zanen jikina ta yaba sai in shiga ɗaki in sauya in ninke mata. Na yago takarda daga littafin wani ɗalibi, na ƙirga shida na ƙulle. Ta ce a'a, ki bar abinki. Na ce ai na warke, Inna. Ta sake cewa a'a, na sake miƙawa. A na ukun ta karɓa ta ɗaure a haɓar zane, ta yi ta sa mini albarka. Ukun da suka rage na jefa a gwangwani saboda gaba. Na kwanta ranar ina jin daɗin kaina, ina cewa yau na fita kunyar suruka.

Bayan kwana biyu aka yi sunan wata 'yar'uwar Babanku a Jama'are. Na goya ki muka tafi. Na ɗaura ɗamara na shiga cikin masu tuƙa tuwo, hayaƙin ɗanyen itace yana shiga har ƙoƙon raina, mata suna ta cewa kai, Malama akwai ƙarfin hali, jiya-jiya tana kwance. Ni kuma kaina yana ƙara girma, ina ƙara danna muciya.

Ba a yi kwana goma ba ciwon ya dawo, kuma ba da sallama ya dawo ba. Numfashi ya gagare ni, ko ɗaga ki ba na iyawa. A mota aka kwashe ni. Likitan nan dai na farko ya duba katina ya tambaye ni ko na shanye maganin da ya ba ni. Babanku na tsaye a gefe. Na dubi yatsun ƙafata, abokan shawarata, na ce na shanye. Ƙarya a kan wauta ke nan. Ya yi ta rubutu, aka ba ni gado, aka ɗaura mini ruwa.

Akwai wata nas dattijuwa a ɗakin, mutuniyar Borno, mai tsage a fuska da murya kamar ta mai unguwa. Washegari da hantsi tana gyara mini ruwan, ta sunkuyo ta ce, "'Yata, ni ba mijinki ba ce, ba kuma surukarki ba. Nawa kika bari?" Na ce tara. Ta ce ina suke? Na ce shida suna Bulkachuwa. Ta ajiye abin da ke hannunta ta yi dariya har tana dafa gado, sannan ta ɗaure fuska ta yi mini faɗan da ko uwata ba ta taɓa yi mini ba. Ta ce jin sauƙi daban, warkewa daban. Ta ce ke da kike girki, kin taɓa ganin murhu ya yi toka a sama kin ce wuta ta mutu, kika tona kika samu garwashi ja? Ta ce kwanakin farko harshen wutar kawai magani ke kashewa, na ƙarshen su ne na garwashin, ni kuma na bar garwashi na tafi Jama'are na yi masa fifita. Daga nan ta wuce kai tsaye ta gaya wa likita gaskiya, aka sauya mini magani zuwa allura.

Allura kuwa na sha ta, Ummi. Safe da rana da yamma, har na rasa gefen da zan kwanta a kai. Babanku da ke cika baki a majalisa, ranar farko da ya ga an zaro sirinji sai ya tuna bai yi alwala ba. Kullum in nas ta shigo da tirenta, alwalarsa ta karye. Mako uku na yi a gadon nan. Kwana uku na ƙi haƙuri da kafso, na biya da mako uku na allura.

Kada ki taɓa yi wa likita ƙarya, ko wa ke tsaye a wurin. In kin tsallake magani ki ce kin tsallake, in kin sha wani abu daban ki faɗa, ko na gargajiya ne. Da abin da kika gaya masa yake aiki. Faɗansa na minti biyar ne, ƙaryar kuwa a jikinki za ta ƙare.

Inna ta zo asibitin a kwana na uku. Da ta ji abin da ya faru ta riƙe baki ta yi ta salati. Sai ta ba ni labarin kafso shidan: biyu ta sha, biyu ta ba maƙwabciyarta mai ciwon ƙafa, biyu kuma ta fasa wa kajinta a ruwa don suna gyangyaɗi. Tarinta yana nan yadda yake, ƙafar maƙwabciya tana nan, kajin ne kawai ta ce sun ɗan wartsake. Ina kwance da ruwa a hannu na yi dariyar da ta sa ƙirjina ya kusa tsagewa. Ka ji inda lafiyata ta tafi.

Amma a zuwan nan ne ta tafi da ke. Ba laifinta ba ne, ba wanda zai riƙe ki, ni ko zama ba na iyawa, nono kuma ya ɗauke saboda jinya. Ta goya ki da zanenta a bakin gadona, kina miƙo hannu kina kuka, ni kuma ga mutane cike da ɗaki, na juya fuska bango kamar ba 'yata ba. Wata goma sha ɗaya gare ki. Da madarar shanu da kunu aka yaye ki a Bulkachuwa.

Da aka sallame ni na yi wata biyu ina farfaɗowa, sannan muka je da Babanku. Na tarar kin yi ɓul-ɓul, kina tafiya, kina bin kaji da kara. Na tsuguna na miƙa hannu, kika ruga kika ɓuya a bayan Inna. Ta ce, je ki mana, Addarki ce, don haka 'yan gidan suke kira na. Kika leƙo kika ce "Adda." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, don haka ake so uwar 'yar fari ta yi. Inna ta ce yarinya ta saba, a bar mata takwararta ta ɗebe mata kewa. Wace ni in buɗe baki in ce a ba ni 'yata? A mota na ja hijabi na rufe fuska har Azare, Babanku yana tsammanin barci nake.

Sai da kika isa shiga firamare aka dawo da ke, kina da shekara bakwai. Duk wanda kika tambaya ya ce miki al'ada ce, 'yar fari ta kaka ce. Ni ma haka na bar ki kika ɗauka, don ya fi mini sauƙi. Inna ta riƙe ki da gaskiya, ta ba ki tarbiyya da Fillancin da ni ban iya ba, ba ni da abin ce mata sai addu'a. Amma ba al'ada ce ta kai ki Bulkachuwa ba. Ban ga takunki na farko ba, ban ji kalmarki ta farko ba, ƙannenki duka suna ce mini Mama ke kina ce mini Adda, kuma duk a kan kafso shida da na ji kunyar hanawa. Abin yana yi mini ciwo har yau, yau kuma na faɗa.

Ranar da na dawo daga Bulkachuwan nan na juye gwangwani a masai, na wanke shi, na zuba maɓallai. Maƙwabta suka yi ta turowa ina cewa babu, har aka sa mini suna Malama mai rowar magani. Na amsa sunan hannu biyu. Shekara ashirin da biyu ba abin da ya shiga gwangwanin nan sai kayan ɗinki, sai yau da safe.

Don haka ki saurare ni, ke mai hannun kyauta irin na uwarki. Za ki shiga ɗaki da 'yan mata da yawa, ga sanyin Filato, ga faretin sassafe. Dole wata ta yi tari kusa da gadonki, ta ga kina shan magani ta ce, 'yar'uwa ko za ki taimaka mini da biyu. Ki ba ta dambun nama, ki ba ta sabulu, ki ara mata rigar sanyi, ki kama hannunta ki raka ta wajen likitan sansani. Maganinki kuwa ki ce ƙirgagge ne, Addarki ta hana. Ki ɗora mini laifin, na saba. Biyun da za ki ba ta ba za su warkar da ita ba, ke kuma za su rage miki, kun yi asara ku biyu. Nas ɗin nan mutuniyar Borno ta gaya mini cewa irin wannan shan na ɗanɗane, biyu yau ɗaya gobe, shi ke sa cuta ta saba da magani, ranar da ake buƙatar sa da gaske ya ƙi ci.

Kina isa, kafin ki nemi masu sayar da awara, ki nemi asibitin sansanin ki nuna musu katinki da na sa a aljihun jaka na ciki. Ki gaya musu kina kan magani, su za su ce ko za ki fita fareti ko za ki jira. Kada ki yi irin jarumtata ta Jama'are don a ce Ummi akwai ƙarfin hali, masu yabon ba sa raka mutum gadon asibiti. In kin ga ƙuraje sun feso miki, ko gudawa mai tsanani, ko fuska ta kumbura, ki je wajen likita nan take, shi ke da ikon cewa a tsaya ko a sauya. In kin shanye kuma tari ya ƙi tafiya har ya haura mako biyu, ko kina rama, ko kin ga jini, ki koma a gwada majinar ƙirjinki, kada ki ce za ki jira sai kin dawo gida. Babanku kuma ki cire shi a ranki, gobe zan tasa shi gaba zuwa asibiti da tarin nasa, ko alwalarsa za ta karye sau goma.

Ranar Alhamis bayan isha'i za ki haɗiye na ƙarshe, in Allah Ya yarda. Ki ɗauki hoton fankon fakitin ki turo. Ba ta wayar Walida ba, ta tawa. Fankon kuma kada ki yar, ki dawo mini da shi, shi kaɗai ne abin magani da na yarda ya kwana a gwangwanina.

Sau ɗaya ciwon nan ya raba ni da ke, shekara shida, kuma da hannuna na ƙirga masa. Ba zan sake ba shi ko kwana ɗaya ba.

Hafsatu, ki shanye maganinki.

Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba, rufin ɗaki bai faɗo ba. Allah Ya jiƙan mai sunan, na san da tana nan da ta riƙe baki, daga baya ta yi dariya. Kada dai ki nuna wa goggonninki, in ba haka ba na shiga uku a gidan biki.

Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya raba ki da sharrin hanya da sharrin mutum, Ya sa ki fara a sa'a ki gama a sa'a. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mini da ke kina numfashi da ƙirji wasai. Babanku da ƙannenki suna gaishe ki. Ki rage dambun, tafiyar da sauran nisa.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
wadda kike ce wa Adda.